Salon Jayayya a Muƙabalar Sirafi da Matta: Tarken Riwayar Tauhidi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin muƙabalolin da tarihin nazarin harshe ya adana, da wuya a sami wadda masana suka fi komawa gare ta kamar wadda aka yi a Bagadaza tsakanin malamin nahawu Abu Sa'id al-Sirafi da malamin manɗiƙi Abu Bishr Matta ibn Yunus. Abu Hayyan al-Tauhidi ne ya kawo labarinta a dare na takwas na littafinsa Al-Imta' wal-Mu'anasa, wanda ya tsara bisa dararen hirar da ya yi da waziri Ibn Sa'adan. Daga baya Yaƙut ya kwafe ta a kundinsa na tarihin marubuta, Margoliouth ya fassara ta zuwa Ingilishi a 1905, sa'an nan Ahmad Amin da Ahmad al-Zain suka buga littafin Tauhidi a Alƙahira cikin juzu'i uku daga 1939 zuwa 1944. Manazarta irin su Mahdi (1970) da Versteegh (1977) sun fi mai da hankali ga abin da aka yi jayayya a kansa, wato dangantakar harshe da tunani. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya fuskar, wato yadda aka gudanar da jayayyar da kuma yadda marubucin ya shirya ta ga mai karatu.

Abin da ake ƙoƙarin nunawa shi ne, Sirafi ya shiga majalisar nan da makamai iri biyu. Yana da hujja ta gaske a kan matsayin harshe, wadda har yau ba a gama da ita ba. Yana kuma da dabarar kunyata abokin magana a gaban jama'a. Riwayar Tauhidi ta saƙa biyun wuri guda, har mai karatu ya ɗauka ƙarfin ɗaya shi ne ƙarfin ɗayar. Idan aka warware saƙar za a tarar cewa wuraren da majalisa ta fi yaba wa Sirafi su ne wuraren da ya fi yin nesa da asalin mas'alar.

2.0 Majalisar da Masu Riwaya

An yi muƙabalar a majalisar waziri Abul-Fathi ibn al-Furat. Akwai saɓani a kan shekarar. Nassin Imta' ya kawo 326 ta Hijira, wato wajen 938, kuma kasancewar manzon Ibn Ɗugji daga Masar a cikin mahalarta ya dace da wannan, tun da sai a 935 Ibn Ɗugji ya kama mulkin Masar. Amma Yaƙut ya kawo 320, wato 932, kuma a ƙarshen labarin an ce an haifi Sirafi a 280, yana da shekara 40 ranar muƙabalar. Wazirin ya riƙe muƙamin a zamanin Halifa Muƙtadir, ya sake riƙewa a zamanin Halifa Radi, saboda haka kowanne ɓangare yana da abin kamawa. Wannan saɓani bai taɓa abin da ke gaban maƙalar ba.

Matta Kirista ne mabiyin cocin Nasɗuriyawa, ya yi karatu a makarantar Dair Ƙunna, ya zama jagoran masu karantar da littattafan Aristo a Bagadaza har rasuwarsa a 940. Daga harshen Suryani yake fassara zuwa Larabci, kuma cikin abin da ya fassara har da littafin Aristo kan hujja yankakkiya, wato Kitab al-Burhan, da littafinsa kan waƙa. Sirafi kuwa, wanda ya rasu a 979, alƙali ne, kuma shi ne mai sharhin nan na Kitab na Sibawaihi. Cikin waɗanda suka halarta akwai Ƙudama ibn Ja'afar, mai littafin Naƙd al-Shi'ir.

Abu na farko da mai tarke zai riƙe shi ne hanyar da labarin ya biyo. Tauhidi bai halarci majalisar ba. Ya karɓi labarin ne ta hanyar shifta daga Ali ibn Isa al-Rummani, wanda shi ma malamin nahawu ne, ya kuma ji gutsattsarinsa daga bakin Sirafi kansa, wanda malaminsa ne da yake matuƙar girmamawa. Ya rubuta shi fiye da shekara 40 bayan aukuwarsa. Bugu da ƙari, nassin da kansa ya yarda cewa Sirafi bai haddace duk abin da ya faɗa ba, wasu mahalarta ne suka rubuta a allunan da suka zo da su, kuma da yawa ya ɓace. Babu almajirin Matta ko ɗaya a wannan silsila. Wannan ba ya nufin an ƙirƙiri labarin, kuma ba za a ce Tauhidi maƙiyin falsafa ne ba, domin ya zauna gaban Yahya ibn Adi da Abu Sulaiman al-Sijistani, dukansu manyan masu manɗiƙi. Amma marubucin da aka san shi da gwanintar zube ya sami jawabin malaminsa a yanke-yanke, to babu mamaki idan abin da ya fito daga alƙalaminsa ya fi abin da aka faɗa a majalisa santsi.

Abu na biyu shi ne yadda aka buɗe zaman. Waziri ne ya tashi maganar, ya nemi wanda zai fuskanci Matta, ya kuma bayyana da bakinsa abin da ya ce Matta yana da'awa: wai babu hanyar rarrabe gaskiya da ƙarya, ko alheri da sharri, ko hujja da shubuha, ko yaƙini da shakka, sai ta manɗiƙi. Mahalarta suka yi shiru, waziri ya zarge su da noƙewa, sa'an nan ya juya ga Sirafi. Ke nan mai majalisa shi ne ya tsara da'awar wanda ake ƙara, ya tsara ta a mafi tsananin siffarta, ya zaɓi mai gabatar da ƙara, kuma shi ne zai yanke hukunci. Da aka ba Matta dama ya faɗi abin da yake nufi da manɗiƙi, abin da ya fito daga bakinsa bai kai wannan girma ba. Ya ce kayan aiki ne da ake gane ingantaccen zance da gurɓatacce, kamar yadda ake gane mai nauyi da marar nauyi da mizani. Tazarar da ke tsakanin da'awar da waziri ya ɗora masa da ma'anar da ya bayar ba a taɓa komawa kanta ba har aka tashi.

3.0 Inda Aka Yi Jayayya ta Gaske

Sirafi ya fara da kyau. Tambayarsa ta farko ita ce neman a fayyace ma'anar kalmar da ake jayayya a kanta, bisa dalilin cewa sai an san abin da ake nufi za a san abin karɓa da abin mayarwa. Kowane littafin ladubban munazara zai yaba da wannan mafari. Amsarsa ga misalin mizani ita ma tana da ƙarfi. Ya nuna cewa mizani yakan faɗi nauyi, amma ba ya faɗin ko abin da aka ɗora zinariya ne ko ƙarfe ko darma, kuma ba kowane abu ake aunawa da mizani ba, wani da mudu ake awonsa, wani da kamu, wani kuma ƙiyasi kawai ake yi. Abin da yake nufi a fili yake: ingancin siffar hujja ba ya tabbatar da gaskiyar abin da aka zuba a cikinta. Masu manɗiƙi ba su taɓa musun haka ba, amma magana ce da ta rushe da'awar da waziri ya tsara, kuma ta tilasta a rage wa manɗiƙi faɗin gonar da ake ba shi.

Daga nan ya shiga zuciyar mas'alar. Idan wani Bagirke ne ya tsara manɗiƙi bisa harshen mutanensa da abin da suka saba, me zai wajabta wa Baturke da Ba'indiye da Bafarishe da Balarabe su ɗauke shi alƙali a kansu? Matta ya amsa da cewa manɗiƙi yana bincike ne a kan ma'anonin da hankali ke riska, kuma mutane duka daidai suke a nan, ya ba da misalin cewa huɗu da huɗu takwas ne a wurin kowace al'umma. Sirafi ya ce da a ce duk abin da ake nema da hankali ya kai wannan misali bayyana, da saɓani ya ƙare a duniya, alhali bai ƙare ba, kuma ma'anoni ba a isa gare su sai ta harshe mai sunaye da aikatau da haruffa.

Wannan musaya ita ce mafi daraja a nassin gaba ɗaya. Kowanne ya faɗi abin da yake ganin gaskiya ne, kowanne ya amsa abin da ɗayan ya faɗa, kuma mai karatu yana iya ganin inda hanyoyinsu suka rabu. Matta ya zaɓi misali daga lissafi, fagen da harshe ya fi ƙarancin tasiri a cikinsa, yana so ya shimfiɗa hukuncinsa a kan sauran fagage. Sirafi ya gane dabarar ya toshe ta. Sai dai shi ma ya yi wani tsalle da ba a kama shi a kai ba. Cewa ba a isa ga ma'ana sai ta harshe ba ya nufin cewa ƙa'idojin tunani na harshe ɗaya ne. Ana iya buƙatar tulu kafin a ɗebo ruwa, ba tare da ruwan ya zama na maginin tukwane ba.

Hujjarsa a kan fassara ta fi wannan tsayuwa. Ya tuna wa Matta cewa bai san Girkanci ba, daga Suryani yake fassara, to me zai ce game da ma'anonin da aka juye daga Girkanci zuwa Suryani, aka sake juyewa zuwa Larabci? Matta ya ce fassara ta kiyaye manufofi ta kuma isar da ma'anoni. A nan tarihi yana bayan Sirafi fiye da yadda shi kansa ya nuna. A fassarar da Matta ya yi wa littafin Aristo kan waƙa, kalmomin da ke nufin wasan kwaikwayo na ban-tausayi da na ban-dariya sun koma madihi da hija'i, wato yabo da zambo, domin babu dandalin wasan kwaikwayo irin na Girka a al'adar da ake fassarawa zuwa gare ta. Kuskuren ya bi masu sharhi har zuwa Ibn Rushdi. Da Sirafi ya kawo misali ɗaya irin wannan daga fassarar abokin jayayyarsa, da ya yi abin da ake bukata ga mai suka, wato ya nuna ɓarnar a inda ta auku. Bai yi haka ba. Ya tsaya ga cewa ɓarna tana iya aukuwa, ya wuce zuwa ga zargin cewa Matta yana ganin Girkawa ma'asumai ne, abin da Matta ya musanta nan take.

4.0 Inda Jayayya ta Koma Jarrabawa

4.1 Na'am da Bala

Tun ana tsakiyar maganar ma'anoni aka ga alamar inda zaman zai nufa. Sirafi ya yi wa Matta tambaya cikin siffar korewa, yana neman ya yarda cewa ana bukatar sanin harshe. Matta ya amsa da na'am. Sirafi ya ce ya yi kuskure, bala ake cewa a irin wannan wuri. Matta ya gyara, ya ce a irin wannan shi mabiyinsa ne.

Ta fuskar nahawun Larabci Sirafi yana da gaskiya. Na'am tana tabbatar da zancen yadda ya zo, ko da korarre ne, bala kuwa tana rushe korewar. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin idan aka tambaye shi, “Audu bai zo ba?” ya ce “I,” ya tabbatar da rashin zuwan ne, idan kuwa Audu ya zo sai ya ce “A'a, ya zo.” Mai Ingilishi yakan amsa akasin haka, kuma malaman makarantu sun san irin ruɗanin da wannan ke haifarwa a aji. Amma tambayar mai tarke ita ce, wane aiki gyaran ya yi a cikin jayayyar? Babu wanda ke majalisar da bai fahimci Matta yana nufin amincewa ba ne, har shi Sirafin, domin da bai fahimta ba da bai san akwai abin gyara ba. Wato ma'ana ta isa duk da lafazin ya karkace, kuma wannan ya fi kusa da ra'ayin Matta. Ribar da Sirafi ya ci ta wani fanni ce. Ya sa dattijo ya furta a gaban waziri cewa shi mabiyi ne, kuma daga wannan lokaci zaman ya zama na malami da ɗalibi.

Abin lura shi ne, wannan dabara tana cikin littattafan da Matta ke karantarwa. A littafinsa kan hujjojin yaudara, wanda Yahya ibn Adi ya fassara zuwa Larabci, Aristo ya lissafa manufofi biyar na masu gardama don neman rinjaye, kuma ta huɗu ita ce a jefa abokin magana cikin kuskuren nahawu. An kayar da malamin manɗiƙi da makamin da littafinsa ya yi gargaɗi a kansa, nassin kuma bai nuna ya ce uffan ba.

4.2 Harafin Wawu

Daga nan Sirafi ya bar tambaya a kan manɗiƙi ya koma tambaya a kan Larabci. Ya nemi Matta ya fito da ma'anonin harafin wawu ta hanyar manɗiƙin Aristo. Matta ya ce wannan nahawu ne, shi kuwa bai yi nazarinsa ba, ya ƙara da cewa mai manɗiƙi ba ya bukatar nahawu, amma mai nahawu yana bukatar manɗiƙi, tun da ɗaya ma'ana yake bincike ɗaya kuma lafazi.

Wannan ita ce amsa mafi muni da Matta ya bayar, kuma laifinsa ne, babu wanda ya sa masa ita a baki. Mutumin da sana'arsa ita ce zuba Aristo cikin Larabci ba shi da ikon cewa ba ruwansa da dokokin Larabci. Ya kuma raina fannin abokin maganarsa a gaban majalisa. Abin da ya kamata ya rarrabe, bai kuwa rarrabe ba, shi ne iya harshe da sanin ilmin nahawunsa. Kowane Bahaushe yana sarrafa kalmar “da” daidai, ko tana haɗa suna da suna, ko tana nuna abin da aka yi aiki da shi, ko tana buɗe dogaron jimla, ko tana nuna samuwa, amma kaɗan ne za su iya zayyana waɗannan ayyuka idan aka tsayar da su a gaban sarki. Gazawar zayyanawa ba ta nuna gazawar tunani. Da waziri ya nemi Sirafi ya amsa tambayar da kansa, ya jero wawun haɗawa da na rantsuwa da na fara sabon zance da na hali da mai ma'anar tare, da sauransu. Darasi ne mai kyau, kuma an ji daɗinsa. Sai dai ko kusa bai taɓa tambayar ko ƙiyasin Aristo yana aiki a Larabci ko ba ya yi ba.

4.3 Mas'alar 'Yan'uwa

Tarko na uku shi ne ya fi shahara. Sirafi ya kawo jimla biyu masu siffar fifiko, ɗaya ta jingina mutum ga 'yan'uwa gaba ɗaya, ɗayar ta jingina shi ga 'yan'uwansa. Matta ya ce duka biyun daidai ne, bai kuma ga bambanci ba. Sirafi ya ce ya dace a ta farko ba tare da sanin dalili ba, ya kuma kuskure a ta biyu. Dalilin shi ne, siffar fifiko a Larabci idan aka jingina ta ga jama'a, dole wanda ake fifitawa ya zama ɗaya daga cikinsu, mutum kuwa ba ya cikin 'yan'uwan kansa. Idan aka ce a lissafa 'yan'uwan Audu, ba za a sa Audu ba.

A nan ne riwayar ta kai ƙololuwar nasarar Sirafi, a nan ne kuma hujjarsa ta juya masa baya. Bayanin da ya yi ya ginu ne a kan ko abu yana cikin jinsin da aka jingina shi gare shi ko yana wajensa, wannan kuwa tunani ne irin na manɗiƙi tsantsa, kuma yana tsayuwa a kowane harshe. Abin da ya keɓanta ga Larabci shi ne dokar jinginawar kaɗai. Hausa, wadda ke gina fifiko da aikatau, tana cewa “Audu ya fi 'yan'uwansa” ba tare da wata matsala ba, domin “fi” ba ta bukatar Audu ya kasance cikin waɗanda ya fi. Sai an ce “Audu ne mafi ƙwazo a cikin 'yan'uwansa” sa'an nan irin wannan tambaya za ta taso, kuma masu harshen suna faɗin haka kullum, ana kuma fahimtarsu. Ke nan misalin ya raba abu biyu da Sirafi ke ƙoƙarin haɗewa: dokar da ke canzawa daga harshe zuwa harshe, da alaƙar da ba ta canzawa. Ko a cikin nahawun ma hukuncin bai zama yankakke ba. Zamakhshari, wanda ya rasu a 1144, ya bayyana a Al-Mufassal cewa irin wannan jinginawa tana da fuska biyu, kuma a fuska ta biyu, inda ba a nufin gwada mutum da waɗanda aka jingina shi gare su, jimlar ba ta haramta ba.

Da Matta ya ce shi ma idan ya watsa wa Sirafi mas'alolin manɗiƙi haka zai rikice, ya faɗi magana mafi adalci a zaman. Ba a gwada ba. Sirafi ya amsa cewa zai iya, aka wuce, aka ci gaba da jero wa Matta mas'alolin fiƙihu da na lafazi har ya ce ba shi da sani a wannan fanni.

5.0 Shirun Matta da Amsar da ta Zo Daga Baya

Ta fuskar zubi, nassin ya fara a matsayin tattaunawa ya ƙare a matsayin huɗuba. Maganganun Matta gajeru ne, galibi jimla ɗaya ko biyu, kuma suna ƙara gajarta har su ɓace. Amsoshin Sirafi kuwa sau da yawa suna buɗewa da kalma guda mai cewa ka yi kuskure, wadda maimaituwarta ta zama kamar amshi, tana yanke hukunci kafin a ji dalili. A kashi na ƙarshe ya bar Matta ya koma kan masu manɗiƙi a jimlace. Ya zarge su da tsorata jahilai da baƙin kalmomi, ya yi ba'a ga Kindi, wanda ya rasu tun kafin a yi zaman, da labarin tambayoyin bogi da aka ce an ruɗe shi da su. Zuben yana da daɗi ƙwarai, jimloli suna tafe bibbiyu da amsa-amo, kuma a nan ne hannun Tauhidi ya fi fitowa. Daɗin nan shi ne haɗarin nassin, domin mai karatu yakan ɗauki shirun Matta a matsayin sallamawa, alhali nassin bai ce ya sallama ba, kuma ba a san ko shirun nasa ne ko na masu allunan ba.

Amsar ɓangaren Matta ta zo a rubuce, a wajen majalisa. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya bayyana a Ihsa' al-Ulum cewa nahawu yana ba da dokokin da suka keɓanci lafuzzan al'umma ɗaya, manɗiƙi kuwa yana ba da dokokin da lafuzzan al'ummu suka yi tarayya a cikinsu. Yahya ibn Adi, almajirin Matta, ya rubuta maƙala sukutum a kan bambancin fannonin biyu. Duka biyun sun bar matsayin nan na cewa ba ruwan manɗiƙi da lafazi, kuma wannan riba ce da za a lissafa wa Sirafi. Ta ɗaya gefen, Rummani da ya yi shiftar labarin shi ne wanda 'yan'uwansa masu nahawu, irin su Abu Ali al-Farisi, suka zarga da cakuɗa nahawu da manɗiƙi. Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki misalin mizanin da aka yi wa dariya ya sa shi a sunayen littattafansa, Mi'iyar al-Ilm da Al-Ƙisɗas al-Mustaƙim, ya kuma buɗe Al-Mustasfa da gabatarwar manɗiƙi inda ya nuna cewa wanda bai san ta ba ba a amince wa ilminsa. Maganar da waziri ya ɗauka barazana ce ga addini a bakin Kirista ta dawo kusan yadda take a bakin Hujjatul Islam.

Gazalin nan dai shi ne ya kawo sharuɗɗa takwas na munazara a Ihya'. Daga ciki akwai cewa a fi son yin ta a keɓe a kan yin ta a gaban manya da sarakuna, kuma mai yin ta ya zama kamar mai cigiya, wanda bai damu ba ko a hannunsa aka ga abin ko a hannun mai taya shi nema. Ba adalci ba ne a auna zaman ƙarni na 10 da ma'aunin da aka rubuta bayansa. Amma Sirafi da kansa ya san illar taro, domin kafin ya karɓi aikin ya nemi uzuri da cewa ilmin da ke cikin ƙirji daban yake da wanda ake bajewa a gaban kunnuwa da idanu, kuma kwarjinin majalisa yakan karya mutum. Ya nemi wannan uzuri ga ɓangarensa, bai ba abokin maganarsa shi ba.

6.0 Wata Jayayyar a Kan Mas'ala Guda

Nassin bai tsaya a Bagadaza ba. Jalaluddin al-Suyuɗi, wanda ya rasu a Masar a 1505, ya shigar da muƙabalar cikin littafinsa Saun al-Manɗiƙ a matsayin hujja ga masu haramta fannin. Wanda ya tsaya masa a kan wannan haramci shi ne Muhammadu ibn Abdulkarim al-Magili, malamin da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda kuma ya wallafa a fannin manɗiƙi. Magili ya aika masa da baitoci yana mamakin hanin, yana cewa manɗiƙi hanya ce ta bayyana gaskiya, kuma da gaskiya ake gane mutane, saboda haka a karɓe ta ko daga wanda ba Musulmi ba. Suyuɗi ya mayar da amsa da baitoci a kan amsa-amo guda, ya kafa hujja da hadisan da suka hana ɗaukar ilmin Yahudu da Nasara.

Ta fuskar zurfin nazarin harshe wannan musaya ba ta kai ta Bagadaza ba, kuma ba wanda ya janye daga matsayinsa. Bambancinta yana ga zubi. Babu waziri a tsakani, babu taro, kowanne ya sami lokacin tsara maganarsa, kuma kowanne da kalmominsa aka adana shi, domin Ahmad Baba na Tumbutu ya kawo waƙoƙin biyu a jere a Nail al-Ibtihaj. Suyuɗi, wanda ba a san shi da sassauci ga abokan jayayya ba, ya buɗe amsarsa da kiran Magili babban malami, ya rufe ta da yi masa sallama da amincewa da falalarsa.